Bututu Uku a Kan Motar Barend

Rehoboth,
18 ga Nuwamba.

Yaya Sofiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin rage taurin kai kina shan maganin. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya hana kowa sakat.

Kin tambaye ni a waya ko bana ma za mu je teku, na yi ta kewaye-kewaye saboda maigidana Barend yana zaune kusa da ni. To ga amsa a takarda: za mu je. Na san 'yata Lorenda ta riga ta kawo miki ƙarata. Gaskiya ne, likita ya ce mantuwar babanta ba ta tsufa ba ce kawai, ya kuma ce mu fara tunanin raba shi da tuƙi. Ita Lorenda cewa take in ɗauke makullin motar in ɓoye, sai ka ce cokali ne. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana kai mu Henties Bay duk Disamba, ni ce zan dubi idonsa in ce masa ya gama? Ba zan iya ba, Yaya.

Da kin gan shi jiya da kin goyi bayana. Kin tuna ɗakin kwanan da ya ƙera da hannunsa ya ɗora a bayan akori-kurar, wanda kika ce ya yi kama da akurkin kaji? Ya wuni a kan rufinsa yana duba bututun nan uku da yake zura sandunan fatsa a ciki. Ragowar aikin famfonsa ne, kowanne ya kusa tsawon motar. A can ƙuryar kowanne ya cusa tsohuwar safar da na saƙa masa don kada bakin sanda ya bugu, murafen kuma ya sa musu sarƙa, ya rubuta suna da jan fenti: BAREND, GRIET (yadda yake kirana ke nan), ELRICO. Shekara takwas ke nan da muka binne ɗanmu Elrico, amma sandarsa ba ta taɓa fashin tafiya ba. Jiya sai da ya sake bin sunan da fenti.

Da safe ya kasa tuna sunan maƙwabcinmu, amma da yamma ya kwance ƙarfen naɗe zare gaba ɗaya, ya sa masa mai, ya mayar da kowane ƙusa inda yake. Hannunsa bai manta komai ba. Har ya karanta mini dokarsa da kika sani: "A kan rairayi sanda ta tsaya a gaban mota, ana hawa titi ta koma bututu ta kwanta. Kin ji ko, Griet?" Na ce na ji, ranka ya daɗe, yau shekara talatin ina ji.

Ki gai da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Magrieta.

Henties Bay,
14 ga Disamba.

Yaya Sofiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ruwan da aka ce ya sauka a Keetmanshoop ya kai gonarku. Mun iso lafiya, yau kwananmu shida. Mun kafa zango a inda muka saba, hazo yana rufe mu har ƙarfe goma na safe, ina cikin rigar sanyi ke kina can kina fifita.

Safiyar farko ya yi abin da yake yi duk shekara. Ya rage iskar tayoyi don kada mu kafe a rairayi, ya buɗe bututun Elrico kafin nasa, ya tsayar da sandunan a ƙarfen gaban mota, muka gangara bakin ruwa. Jifan farko da sandar yaron yake yi, bai taɓa saɓawa ba. Yaya, ko rabin awa ba a yi ba sandar ta lanƙwashe. Kabeljou ne, kifin ya kai tsawon hannuna. Barend yana ja yana ihu kamar ɗan shekara ashirin: "Griet, ajiye kofin nan ki zo ki ga aikin maza!" Na ce aikin maza ko aikin kifi mai yunwa. Muka gasa shi a kan garwashi da burodi, har muka miƙa wa mutanen zangon da ke kusa. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kafin rasuwar yaron.

Tsiyarsa ma tana nan. Wani mai sabuwar mota ya wuce mu a cikin gari da sanduna biyar a tsaye, Barend ya leƙa ta taga ya ce, "Dubi wancan, gidan rediyo ya ɗauko. Malam, wace tasha kake kamawa?"

Amma zan faɗa miki abin da ban faɗa wa Lorenda ba, ki riƙe mini. Ranar da muke zuwa, a mararrabar Swakopmund ya tsaya cik, ya riƙe sitiyari yana kallon hanya biyun kamar bai taɓa ganinsu ba. Motoci suna ta yi mana oda. Na yi kamar ina goge gilashi, na nuna masa dama da yatsa. Ya juya, muka ci gaba da tafiya. Shekaranjiya kuma ya mayar da sanduna bututu bai wanke musu gishiri da ruwan daɗi ba, shi da yake cewa gishiri ya fi ɓarawo ɓarna. Da ya shiga wanka na zaro su na wanke.

Tsoro nake ji, Yaya, amma ina ganin in na zuba ido sosai za mu ƙarasa hutun nan lafiya.

Taki har kullum,
Magrieta.

Henties Bay,
20 ga Disamba.

Yaya Sofiya,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, babu wanda ya ji ciwo, na fara da wannan don kada hankalinki ya tashi.

Ranar Talata muka tashi daga bakin ruwa da azahar, sandarsa da ta Elrico suna tsaye a gaban mota. Akwai wani tudu kafin a hau babban titin da aka daɓe da gishiri, nan yake tsayawa kullum ya kwantar da su. Muka zo tudun, ya wuce. Na gan su, Yaya. Suna nan a gaban idona suna rawa, ban buɗe baki ba. So nake ya tuna da kansa. Na ce a raina yanzu zai taka birki, yanzu zai ce kash, in samu abin da zan gaya wa Lorenda da likitanta. Gwada shi nake yi, Allah ya yafe mini. Muka yi tafiyar kilomita goma sha biyu a haka, yana ta ba ni labarin wani kifi da ya kuɓuce masa tun muna da ƙuruciya.

Da muka shigo gari ya karya kwana zuwa gidan mai don a ƙara wa tayoyi iska. Sai da na ga rumfar gidan man a kanmu na ƙwala ihu, lokacin ya wuce. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Tasa bakinta kawai ya tafi. Ta Elrico ta karye gida uku.

Ya fito ya durƙusa yana tsince guntayen, mutane suna kallo. Ya hau tsani ya zura su a bututun yaron ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure murfin. Sannan ya zagayo ta tagata ya miƙo mini makullin. Ya ce, "Riƙe, Griet. Ni na yi. Na gama." Idonsa a bushe, hawayena ne suka ƙi tsayawa. Ni na tuƙo mu zango. Na ɗauka mafi wuyar ke nan ya wuce, tunda da bakinsa ya faɗa, ba ni na ƙwace ba.

Washegari ina dafa kofi na ji ya buɗe bututun. Ya sauko da guntayen a hannu, a fusace. "Wane sakarai ne ya hau titi da sanda a tsaye? Wa ya taɓa motata?" Bai tuna komai ba, Yaya, ko ɗigo.

Na dube shi, na ga in na faɗa masa gaskiya zai sake karyewa yau, gobe ma haka, jibi ma haka. Na ce, "Ni ce, Barend. Na je sayen burodi na manta."

Ya yi mini tas. "Shekara nawa ina gaya miki? Kunnen ƙashi gare ki, Griet! Ba ni makullina, ba ki ƙara tuƙa ta." Na ce na ji, zan duba inda na ajiye. Makullin yana wuyana a zare, a cikin riga, kuma nan zai zauna. Ki gaya wa Lorenda ta samu abin da take so, amma kada ta kira ni ta ce da ma ta faɗa.

Da fushin ya sauka ya zauna a kan matakin ɗakin, ya jera guntayen a cinyarsa yana gwada haɗa bakinsu. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗago a hankali ya ce, "To yanzu me za mu gaya wa yaron in ya zo?"

Na ce masa ya bar mini, ni zan gaya masa.

Jibi za mu taso, ni zan tuƙa. In gwiwarki ta bari, ki zo mana Kirsimeti. Ina bukatarki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Magrieta.