Ruwan da Mzee Ondiek Ya Zuba

Kisumu, 4 ga Maris

Yayata Adhiambo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya sanyin Nakuru? Allah ya sa ciwon bayan nan ya sake ki. Ki shafa mini kan yara.

Kin sake tambayata abin da ya zaunar da ni a shagon surukina, shekara shida bayan tafki ya cinye mini mijina Okoth. Yaya, aikin nake so, ba tsohon ba.

Wani otal ya ba mu aikin 'yar siffar bakin tafki, mai faɗin tebur, za a ajiye a zauren baƙi. Wata bakwai ke nan surukin nawa, Mzee Ondiek, yana sassaƙa kwalekwale talatin, kowanne bai fi yatsa ba, yana kai su dab da hancinsa don idon ya soma tafiya. Har na Okoth ya yi, mai shuɗin baki. Ruwan kuwa aikina ne. Da rezin ake yin sa, wani ruwan ƙaro mai daskarewa garau kamar gilashi. Sai da lallami: a zuba kaurin yatsa biyu, a bari ya kwana, a ƙara. In aka tuttula shi gaba ɗaya, zafi yake ɗauka daga ciki ya dafa duk abin da ya tarar. Da ƙunar hannuna na koyi wannan. Mzee kuwa ko ma'auni bai taɓa riƙewa ba.

Jiya manajan otal ya zo dubawa, ya tambaya ko ni wace ce. Mzee ya ce, "Wannan? Gadon da ɗana ya bar mini ke nan. Ba ɗa, ba jika, sai cin tuwon ugali." Suka yi ta dariya. Ni na zuba musu shayi.

Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Awuor

Kisumu, 19 ga Maris

Yayata Adhiambo,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin ƙaraminku? Na ji an ce zazzaɓi ya yi, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da zan faɗa miki, kada ya kai kunnen Mama.

Manaja ya matso da ranar buɗewa, Mzee kuma ya cika masa baki cewa da hannunsa zai zuba ruwan, mace ba za ta taɓa ba. Ranar Talata da safe ya same ni ina wanke kofuna. Ya yi ƙasa da murya ya kira ni 'yata, abin da bai taɓa yi ba, ya tambaya ko za a iya zubawa lokaci ɗaya a huta. Na dube shi na ce, "Sosai ma, Baba. Haka ya fi haske."

Ni na gauraya masa, bokiti biyu, na riƙe masa gwiwar hannu kada ya zubar. Kafin azahar hayaƙi ya soma tashi. Ruwan ya koma rawaya kamar fitsari, fenti ya narke, kumfa ta rufe kwalekwalen ɗaya bayan ɗaya. Mzee yana fifita da kwali yana kiran sunana, ina tsaye bakin ƙofa. Can muka ji ƙara, abin ya tsage tun daga wannan gefe har wancan. Na ga na Okoth ya yi baƙi. Na zaci zan ji wani abu, Yaya. Yunwa na ji. Na tafi na ci kifi da ganyen sukuma har na nemi ƙari.

Washegari na gaya wa manaja tsohon ba ya gani, ba ya kuma jin shawara. Yanzu aikin nawa ne, da sunana za a rubuta.

Kwana uku Mzee yana zaune yana bin tsagar da yatsa. Jiya ya kira ni, ya miƙo mini ƙunshin wuƙaƙen sassaƙarsa, waɗanda ko Okoth bai yarda ya taɓa ba. Ya ce, "Ke kin faɗa mini daidai, 'yata. Hannuna ne ya tsufa. Ki yafe mini, na ɓata miki wahalarki."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce masa ba komai, na yafe. Har godiya ya yi mini.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa ni a addu'a in kin ga za ki iya.

Taki har kullum,
Awuor