Faɗuwar Kawu Mai Fenti

Wanke kayan judo, a shanya a cikin ɗaki.

Yaya, kada layin nan na sama ya ruɗe ki. Littafin ayyukana na buɗe da safe, na rubuta aikin farko kamar yadda na saba, sai na ga ashe ba wanki ne ke cina ba, saƙonki ne. Shi ya sa na zarce a kan takardar. Na so in yage in ɗauko sabuwa, sai na tuna in na fara sake rubutu ba zan gama ba sai an yi sallar magariba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar girma da kewa daga ƙanwarki, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Baban Tsuntsuwa da Auta. Allah ya sa ciwon ƙugun nan ya sake ki, ya sassauta miki tsayuwar aiki, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan sai godiya. Inna ta yi sabon tabarau, kuma tun daga ranar ba mu huta ba, domin yanzu babu yanar gizo ko ɗigon mai da ke tsere mata. Maigidan an mayar da shi tuƙin safe, yana dawowa da wuri yana damun kowa da gyaran abin da bai lalace ba. Tagwaye sun fara haɗa baƙi. 'Yarki kuwa ta wuce ni tsawo, kuma sunan Tsuntsuwa da muka laƙaba mata saboda tsattsagar abinci yanzu zalunci ne, domin in ta dawo daga horo har ƙanzo ba ta bari.

To, ga maganar. Saƙonki ya iso, inda kika ce Tsuntsuwa ta daina zuwa kokawar nan ta judo, saboda Kawu Mai Fenti ya buga miki waya ya ce layi gaba ɗaya 'yarki yake yi wa dariya. Ina so ki fara sanin cewa ta bi umarninki a ranar, ba musu, ba kumbura fuska. Ta ninke kayanta ta sa a jaka, ta rataye a bayan ƙofa. Sai dai ƙarshen watan nan ne za a yi musu gwajin sabuwar ɗamara ta ƙarin matsayi, wanda ta daɗe tana shiri dominsa, kuma Malamar da ke koya musu ta ce wadda ba ta dawo horo ba sai baɗi. Baɗi kuwa jarrabawar gama makaranta ce a gabanta, kin ga ke nan an rufe zancen. Ban rubuto don in ja da ke ba, ke ce uwa. Na dai ga bai kamata ki yanke hukunci da rabin labari ba, ballantana rabin da ya fito daga bakin Kawu.

Dariyar kam gaskiya ce, ba zan ɓoye miki ba. Ɗakin horon yana saman shagon mai faci, ɗaki ne dogo mai fanka ɗaya da shimfiɗar soso, mata zalla, ƙofa a rufe. Rakiya kawai nake yi da farko, in zauna a benci in rungume jakata. Rannan Malama, wata gajeruwar mata da ke aikin ɗinki da rana, ta ce bencin na ajiye takalma ne, in dai ba takalmi ba ce ni to in shigo. Haka na tsinci kaina cikin fararen kaya da shekara arba'in da 'yan kai. Kuma abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, kafin a koya maka kayar da kowa, faɗuwa ake koya maka. Wata da watanni ba mu yi komai ba sai faɗuwa: ki manna haɓa a ƙirji, ki lanƙwasa baya, ki daki ƙasa da hannu a miƙe kafin jikinki ya gama sauka. Mai faci da ke ƙasa yana jin tim, tim, tim a kansa, shi ya fara baza labarin cewa akwai matan da suke hawa bene takanas don su yi ta zubewa.

Daga nan kowa ya kawo tasa. Matan gidanmu suka ce kayan barcin asibiti muke sawa, ɗamarar kuma ta ɗaure akuya ce, har na koma shanya su a ɗaki suna kwana biyu ba su bushe ba. Yaran layi in sun hango mu sai su ɗaga ƙafa ɗaya su ƙwala ihu irin na finafinai. Mai shagon sabulu ya aje mini bulo a kan kanta ya ce in fasa masa da goshi ya ba ni sabulu kyauta. A shagon maganin da nake aiki, wani dattijo ya karɓi maganinsa da nesa-nesa, wai kada ya yi kuskure in karya shi. Maigidan ma bai tsira ba, abokansa suna tambayarsa ko har yanzu shi ke da gidan. Abin da ya ɗaure mini kai, mutum ɗaya zai ce rawa ce kawai, ko ɓarawon kaza ba za mu iya tarewa ba, jim kaɗan kuma ya ce mun zama abin tsoro, mace ba ta jifa da mutane. Na rubuta maganganun biyu a littafina gefe da gefe, na rasa yadda za su zama gaskiya a lokaci guda.

Na yi ta tunani a kai, wataƙila kuma na yi kuskure, kin san tunanina ba ya wuce bakin ƙofa. Gani nake yi abin da suka sani shi ne na fim, inda mutum yake tashi sama ya watsa mutum goma, sai ga shi kuma sun ga mai sayar da maganin tari tana ɗingishi. Dole a yi dariya. Amma ina jin akwai wani abu a ƙasan wannan. Babba ba ya son a ga faɗuwarsa. Ko santsi ya kwashe mutum, kafin ya duba gwiwarsa sai ya duba ko an gan shi. To ga wasu sun mayar da faɗuwa darasi, suna yi da gangan, suna tashi suna gode wa wadda ta kayar da su. Ni ma da a bakin hanya nake da na dara.

Yanzu ga Kawu. Kin san shi, in ya samu abin barkwanci ba ya saki sai ya tsotse shi. Duk yamma in ya zo gaida Inna sai ya janyo katifar tagwaye tsakar gida, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya ce yau za a ga Gwanar Faɗuwa, wato ni. Ya ƙame, ya zare ido, ya ƙwala ihun nan, ya zube. Inna tana dariya har tana cire tabarau. Ni kuwa in shige kicin in yi ta goge tukunyar da na riga na goge. Amma 'yarki, wadda kika sani da kuka in an kalle ta sau biyu, sai ta tsaya a kansa ta naɗe hannu, ta ce in dai zai kwaikwaye mu to ya yi daidai, domin wannan faɗuwar buhu ce, ba wanda zai gane mu ne. Ta ce haɓarsa a sama take, hannunsa kuma ya makara. Kawu da son a ce ya iya, sai ya gyara. Washegari ta ce bayansa a sandare yake kamar ƙyaure, ya sake gyarawa. Haka suka yi ta yi, shi yana ganin wasansa ne ke ƙara armashi, ita kuma ko murmushi ba ta yi. Abu ɗaya ta kasa raba shi da shi, ihun. Ta ce mu ba ma ihu, ya ce ai ihun ne gishirin abin.

Ranar Talatar da ta wuce, mai shagonmu ya ɗauke shi ya sabunta fentin gaban shago. Da hantsi ne, layi cike da mutane, ina ciki ina jera kwalabe ina hango shi ta gilashi. Ya sauko daga tsani da baya, bokiti a hannu, yana ba mai faci labari, bai ga murfin gwangwanin da shi da kansa ya yar ba. Ƙafarsa ta hau, murfin ya tafi da ita. Yaya, na ga Kawu a iska, ƙeyarsa ta nufi bakin dakalin siminti. Sai kawai na ga haɓa ta manne a ƙirji, baya ya lanƙwashe, hannu ya daki ƙasa, fat! Kuma wallahi sai da ya yi ihun.

Ihun ne ya ruɗa kowa. Da yake har a layi yakan yi wasan, mai faci ya ɗauka wanda ya saba ne, ya hau tafi, yaran layi suka taya shi, wata mata ta ce kai, yau kam ya fi na kullum. Ni kaɗai na fito a guje. Na same shi kwance, shuɗin fenti tun daga gemu har cibiya, yana ƙifta ido yana kallon sama. Mai shagon maganin ya duba shi tsaf, ya shafa ƙeyar, ko ƙura ba ta taɓa ba. Tafin hannu ne ya kumbura, sai ƙugu da ya bugu. Ya auna tazarar kansa da bakin dakalin da yatsunsa, ya girgiza kai, ya ce wa Kawu ya je ya yi sadaka. Da mutane suka gane ba wasa ba ne sai aka daina tafi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, dariya ta kama ni har na zauna a kan dakalin, ina yi ina hawaye.

Da yamma ya zo gida da hannu a naɗe, gemu bai gama fita ba. Ya ce wa Inna shi dama tun yana yaro haka yake faɗuwa, baiwa ce. Inna ta gyara tabarau ta ce ita ta goya shi, kuma ta san sau nawa aka ɗinke masa kai. Tsuntsuwa ta kawo masa ruwa ta durƙusa, ta ce an ba ta labari, haɓar ta yi kyau, amma da ya buɗe hannun sosai da bai kumbura ba. Sai ya ce 'yar nema, ashe duk watannin nan makaranta ta sa shi bai sani ba. Na ce ya kira ki ya warware abin da ya ƙulla, ya ce wayarsa ta sha fenti. Da zai tafi kuma ya ja ni gefe, ya ce in na rubuto in gaya miki ya yi zuzutawa kaɗan a wancan karon. Ya kuma tambaya, wai don wani abokinsa, ko mijin Malama, da ke horar da maza, yana karɓar masu furfura.

Ba zan ce miki dariya ta ƙare ba. Yara suna nan suna ɗaga ƙafa, sai dai yanzu Kawu suke bi da ita. Jiya mai faci ya tare ni a ƙasan bene, na shirya jin baƙar magana, sai ya rage murya ya ce mahaifiyarsa tana yawan zamewa a banɗaki, ko akwai abin da za a nuna mata. Ban san amsar ba, na ce zan tambayi Malama.

Na san abin da kike tsoro, Yaya. Kina nesa, aka ce ana yi wa 'yarki dariya, kika tuna yarinyar da ke ɓuya a bayan zanenki. Ni ma ita na karɓa daga hannunki. Amma duk tsawon abin nan ni ce mai ɓuya a kicin, ita ce ta tsaya a gaban mai dariyar ta gyara masa haɓa. Ban san ko za ta ci gwajin ba, ban ma san ko na iya riƙon 'ya ba, kullum sai na tambayi kaina. Abin da na sani, Kawunmu yana yawo da kansa lafiya, kuma aikin hannunta ne. Ina roƙonki ki bar ta ta koma. In kin ce a'a, a'a ɗin ce, ba za ki ji wata magana daga baya ba.

Ki gaida Baban Tsuntsuwa da kyau, ki shafa mini kan Auta. Inna tana sa muku albarka, ta ce ki rage tsayuwa. Maigidan da tagwaye suna gaisuwa. Kawu ma ya ce a gaishe ki, da hannun hagu. Tsuntsuwa ba ta san na rubuto ba. Allah ya tsare mana ku, ya sa mu gana.

Taki har kullum,
Ƙanwarki

Na gobe, tunda takardar ta saura:

A kai wasiƙar nan gidan waya kafin aiki.
Kananzir don gemun Kawu.
A tambayi Malama zancen mahaifiyar mai faci, da na "abokin" Kawu.
Kayana ba su bushe ba. A fitar da su igiyar tsakar gida, kowa ya gani.
Jakar bayan ƙofa: kada a taɓa. Wannan aikin naki ne, Yaya.