Kifayen da Suka Raka Baba

Yaya Hajara,

Salamu alaikum. Ina gida, ina yara, yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Nan Madina lafiya lau.

Da hutun jami'a muka je Yanbu, garin bakin teku, wani masunci ya zaga da mu a kwalekwalensa. Can sai ga manyan kifayen nan da Baba yake cewa sun raka jirginsu na ruwa daga Sawakin ta Sudan, shekarar da ya zo hajji ta ƙasa. Suna tsalle, suna huci kamar mutane. Sai na ga kamar Baba ne zaune gefena, yana saurayi.

Ki gaishe da Inna, a sa ni a addu'a. Ki matsa kusa da kunnensa ki ce suna nan, har yanzu suna rakiya.

Ƙaninki,
Sani