Abin da Mai Wankanka Ya Gani

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima inda kake kwance, ina neman izininka in faɗi wata magana da ba a faɗinta a gidanmu. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na kuma san masu karanta ta, wasunsu har tuwo sun ci a zaurenka na Sisawa, kuma za su ce ɗan Malam ya kwance wa kansa zane a kasuwa. Su ce. Ciwon ba a jikinsu yake ba.

Baba, ƙwayar marainana ta hagu ce ta kumbura, tana kuma ciwo. To, ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo mani ba.

Abin ya soma ne a ranin bara, lokacin da munka dasa tafarnuwa a fadamar Wurno. Na ɗaga injin ban ruwa zan ɗora kan babur, sai na ji wani nauyi ya sauka ƙasa, ya tsaya. Na ce gajiya ce. Da na laluba wajen wanka sai na ji wani ƙullutu mai tauri, bai fi ƙwayar tafarnuwa ba. Yanzu ya kai ƙaramar albasa. Ba ciwon da ke sa mutum kururuwa ba ne. Yana nan dai, yana ja, a zaune da tsaye, a ruku'u da sujada, in na hau babur kuwa kowane rami sai ya gaishe ni.

Ban je kemis ɗin garinmu ba, don yaron da ke cikinsa ya san iyalina, bakinsa kuma ba shi da murfi. Na bari sai ran kasuwa na tafi Rabah, inda ba a san ko ɗan wa nake ba. Ko can ɗin, da mai kemis ya ce mi ke damuna, sai na ji bakina ya ce, marata ke ciwo. Bai tambaye ni komi ba bayan haka. Ya ce sanyi ne, ya zubo ƙwayoyi kala-kala, ya ce ni da iyali za mu sha tare, don galibi daga wajen mata aka ɗaukarsa.

Wannan kalma tasa ta bi ni har gida. Ka san Luba, ɗiyar abokinka na Taloka, kai ka nema mani ita, kuma ban taɓa ganin abin ƙi gare ta ba. Amma sai na tarar da kaina ina kallonta ta wutsiyar ido. In ta daɗe gidan biki in ji zuciyata ta ɓaci. In ta kawo fura in juya ludayi ina duban ƙasan ƙwarya. Wata rana ta aje mani akushi, ta tsaya a kaina, ta ce, "Malam, wanga kallo da kaka yi mani, mi niy yi ma?" Na ce ba komi. Ƙwayoyin kuwa ni kaɗai na shanye su, nawa da nata, kumburin bai ko gyaɗa ba.

Da na ga haka sai zatona ya koma kan Ɗanjuma, maƙwabcina na fadama. Mun taɓa sa-in-sa da shi a kan wa zai fara buɗe ruwa in an sako shi daga dam, har ya nuna ni da yatsa ya ce zan gani. Ba a jima ba na iske ɓawon ƙwai a bakin magudanar ruwana. Ƙwai fa, Baba, kuma ga inda ciwo ya kama ni. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na yi wanka da saiwoyi har fatata ta yi kaushi. Har yau ban sani ba ko jifa ne, ko kuwa 'yan ƙwadago ne sunka ci dafaffen ƙwai sunka yar da ɓawon. Muna gaisawa da shi dai, amma ban ba shi hannu.

Sai kuma na tuna da kai da ruwan dam. Kowa na murna an samu noman rani, kai kana cewa ruwan da anka tsare da ƙarfi bai da amana. Muna yara muna iyo cikin magudanai, kusan dukanmu munka yi fitsarin jini, tsargiya, har muna yi wa wanda bai yi ba dariya wai bai zama namiji ba. Na ce to, ko tsohon ciwon ne ya kwanta shekara da shekaru ya tashi ta wani wuri? Da wannan tunani na nufi asibiti a Goronyo.

Zuwan farko likita mace na iske a kan tebur, sa'ar ƙanwata. Wallahi na shirya maganata tun daga hanya, amma tana ɗago kai na ce mara. Anka gwada fitsari, anka ba ni magani, na dawo da kumburina. Zuwa na biyu na dace da wani likita namiji, mai furfura kaɗan, marar wasa. Da na ce mara sai ya aje biro ya ce, "Mara tana da faɗi. Nuna mini da hannunka." Ya ja labule. Ban taɓa jin kunya irin ta rannan ba, na kafa ido a bango ina salati.

Ya taɓa, ya matsa, sa'an nan ya ɗauko 'yar tocila ya kanga a bayan kumburin. Ya ce da ruwa ne ya taru, irin gwaiwar da anka saba gani, da hasken ya ratsa ya yi ja. Nawa bai ratsa ba. Ya ce sai na tafi Sakkwato an yi hoto an ɗibi jini, kuma in shirya zuciyata, mai yiwuwa a yi aiki, mai yiwuwa ma a cire ƙwayar. Na ce mi ne sunan ciwon? Ya ce ba ya sa wa abu suna sai ya gan shi. Yana faɗin haka ya juya baya yana wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Ni kuwa na ce a raina, wanga mutum ko dai ya sani yana ɓoye mani, ko bai sani ba yana tura ni gaba.

Ina ɗaura wando ya jefo tambayar da ta sa nake rubuto maka. Ya ce ko a gidanmu akwai wanda ya taɓa yin irin wannan, kuma mi ya yi ajalin mahaifina. Na ce ciwon ciki. Ya dube ni ya ce, "Ciki ma yana da faɗi."

Baba, tun daga Goronyo har gida kai nake gani a gabana. Abubuwan da na gani da idona ban ɗauke su komi ba, duk sunka dawo. Yadda ka bar hawan keke, ka ce ƙafa ta fi lada. Yadda tafiyarka ta sake, kana ware ƙafafu, muna cewa tsufa ne, alhali ba ka yi tsufan ba. Yadda ka koma salla a zaune ka ce gwiwa. Yadda ka sa tela ya ɗinka maka wando buje mai faɗi, kai da ba ka son yawan yadi. In mun zo ƙetare magudana ba ka tsallakawa, sai ka zagaya har inda anka aza itace. Akwai kuma wata 'yar tukunya da kake ajewa bayan rumbu, wadda ka ce kada yaro ya taɓa. Daga baya ka rame, baya ya riƙe, tari ya shigo, ka kwanta. Kowa ya zo dubiya a ce masa ciki.

Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ka faɗi, sai dai ka ce "kai wanga". Uban da kunya ta hana shi kiran sunan ɗansa, ina zai iya gaya masa abin da ke cikin wandonsa? Na san haka, amma ban ɓoye maka, raina ya ɓaci da kai. In zatona gaskiya ne, ka tafi da labarin da yau nake yawon nema asibiti-asibiti.

Na tambayi Inna. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce ciwon ajali ne, in bar wanda ya kwanta ya huta. Ban ƙara ba.

Saura mutum guda, ƙanenka Bappa Mudi na Kagara, shi da ya yi maka wanka. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Kuma na tuna rannan na shiga in kama masa wankan, ya tare ni a bakin ƙofa ya ce in tafi in ga ko an gama gina kabari. Daga shi sai liman sunka rage a ɗakin, liman kuwa ya riga ya bi ka. Da Bappa ya fito bai dube ni ba. A lokacin na ɗauka kuka yake ɓoyewa.

Na iske shi a lambunsa yana yanke ganyen albasa. Na gaishe shi, na tambayi ruwa, na tambayi kasuwa, na zagaya na zagaya har abin ya ishe ni, na faɗa masa komi da sunansa. Na ce likita ke tambaya, ba ni ba. Bai ɗago ba. Ya ce, "Abin da mai wanka yag gani, shi da kabari na. Ko wuƙa kas sa mani ga wuya ban hwaɗi."

Na hasala, Baba. Ban taɓa ɗaga wa Bappa murya ba sai rannan. Na ce amanar matacce ta fi ran mai rai ke nan? Na ce ku duka bakinku ɗaya, kun gwammace ku rufe ni da ku buɗe baki. Ya bar ni na gama. Ya ci gaba da yankan ganyensa har na ɗauka ya sallame ni, na miƙe ina kaɗe riga.

Sai ya ce in zauna. Ya ce, "Wana yac ce sai an kwashe gero. Anka kwashe, yac ce sai an cire albasa. Kai kak ka jira komi. Gonakka ni ka ba ta ruwa." Ya aje wuƙar, ya buɗe tafukansa yana dubansu, ya ce, "Hannun ga sun wanke wana. Ban son su wanke ɗanai."

Bai ce ga abin da ya gani ba. In an tsayar da shi gaban Allah, bai ci amanarka ba. Kuma irin zuciyar da ciwon ga ya bar ni da ita, a hanya har na ce ko tsoratar da ni kawai ya yi don in tafi. Amma na san Bappa. Mutumin da ko baƙo ya zo bai barin lambunsa, ba zai ɗauki ban ruwan fadamar wani tun daga Kagara a kan banza ba.

Da na koma gida na zaunar da Luba na gaya mata. Ina jiran ta firgita, sai ta ce ai ta daɗe da ganin tafiyata ta sake, ita ke wankin wanduna, ta ga na bar sa masu matsewa. Ta ce, "Jira nikai ka hwaɗi da bakinka." Nan na gane yadda Inna ta zauna da kai. Kowa na gani, kowa na jiran mai ciwo ya fara, mai ciwo kuma na jiran a cire albasa.

Ina jin tsoro, Baba. Ina tsoron wuƙar, ina tsoron a cire a ce haihuwa ta tsaya, ina tsoron sunan da za a sa wa abin in hoto ya fito. Amma gobe in Allah ya kai mu zan shiga motar Sakkwato, tafarnuwa na ƙasa ba ta nuna ba. In sun tambaye ni mahaifina, zan ce ban gani ba, amma ina zaton irin ciwonsa ne, kuma zan faɗi wurin da sunansa ko mace ce a kan tebur. Duk sunan da sunka ba ciwon zan riƙe shi. Jikanka mai sunanka yanzu yake koyon tafiya. In ya girma ina raye zai ji daga bakina, in ba ni da rai uwarsa ta yi mani alkawari za ta gaya masa.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni kuwa na zargi matata, na zargi maƙwabcina, na zargi ruwa da likita, na ƙare a kanka kana cikin kabari. In ƙarya na yi maka, ka yafe mani. In kuwa gaskiya ne, ka yi ta jan wannan nauyi kai kaɗai, kana zagaya magudana muna gaba muna cewa ka yi sauri, to ni na yafe maka shirunka, kai ma ka yafe muna rashin lura.

Allah ya jiƙanka, ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kaffara gare ka. Ya yalwata kabarinka, ya sanyaya makwancinka. Ya ba Bappa tsawon rai, ya kuma karɓi roƙon da ya yi a kan hannuwansa. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Buhari