Sunayen da na tattara maka a Tebaram

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta farar hula, reshen Tawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ni ne tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ka naɗa wakilinku a ƙauyukan Tebaram. Na rubuto a fili ne don sau uku ina zuwa bironka ana ce mani ka fita, alhali ga motarka a ƙofa.

Na farko. Da 'yan bindiga suka kore mana shanu, suka hana mu noman gonakin nesa, kai ka kira ni ka ce in tattaro koken mutane, kowa da sunansa. Mutane sun ji tsoro, don soja ke mulki kuma an hana taro. Ni na bi su gida gida, na rantse masu cewa ƙungiya tana bayansu. Alhassan, mai gyaran famfon garinmu, shi ya fara dangwala yatsa, sauran suka biyo.

Na biyu. Takardar tana hannunka aka ba ka kujera cikin masu ba gwamnati shawara. Na yi murna, har na ce wa mutane kukansu ya kusa isa. Sai na ji ka a rediyo kana cewa ƙasarmu ta Adar lafiya lau take, masu koke 'yan kwangilar waje ne. Sati bai cika ba aka zo aka tafi da Alhassan. Wanda ya kira sunansa takardarmu ce a hannunsa, na gane rubutuna.

Ban ce kai ka miƙa ta ba. Amma guda ɗaya ce, kuma kai na ba.

Ranka ya daɗe, zamanin farar hula mun sha rana tare, kana gaba da lasifika. A bakinka na ji cewa aikinmu faɗa wa mai mulki gaskiya, ko da kaki yake ko da babbar riga. Na yarda da kai, na sa talakawa suka yarda. Yau in na shiga masallaci sai a matsa nesa da ni.

Roƙona: ka binciko inda ake tsare da shi. Ka koma rediyon nan ka faɗi cewa ba ɗan kwangilar kowa ba ne. Sannan ka cire sunana daga wakilanku.

Allah ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, ya tsare ka da iyalinka, ya ba ka ƙarfin zuwa ka tsaya gaban mahaifiyar Alhassan. Ni na riga na tsaya gabanta.

Wassalam.

Tsohon wakilinku na Tebaram.