Farfesan Da Ya Cinye Babi Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ki daina taurin kai ki riƙa shafa maganin nan. Ki ce wa Auta na ga hoton jaririn, hancin namu ne sak, dangin uban ba su samu komai ba, alhamdu lillahi.

Kin tambaye ni yaushe za a fara kirana Dakta. Amsar ta fi ƙarfin waya, don in na fara ihu maƙwabtan ɗakina za su ji. Shi ya sa na ɗauko biro.

Kin san na ajiye shugabancin makaranta ne don in rubuta tarihin makarantun kwana na 'yan mata. Jami'a ta haɗa ni da wani Farfesa, shi zai duba aikin ya sa hannu. In bai sa hannu ba kafin ƙarshen zangon nan, wa'adina ya cika, za a soke rajistata, shekara biyar sun bi ruwa.

To, mutumin nan ba ya karatu a ofis. Wai ofishinsa da zafi, wai ƙwaƙwalwarsa ba ta buɗewa sai a gidan abinci. Garin nan ƙarami ne, jami'ar ce kaɗai ta tara masa mutane, amma gidajen abinci a bakin ƙofarta kamar an yi shukarsu. Yanzu babu wanda ban san kujerunsa ba. Akwai na ƙarƙashin bishiya inda ɗalibai ke ci a tsaye. Can ba ya zuwa, wai ƙuda. Akwai na matar nan mai gilashi, wadda ke soya kifi har ƙayarsa ta taunu. Akwai kuma na saman bene, mai na'urar sanyaya ɗaki, inda ake naɗe takardar goge baki kamar fure. Nan zuciyarsa take.

Ga yadda darasin yake. In kawo babi, ya ajiye shi gefen faranti, ya ɗora wayarsa a kai. Ya kira kaza soyayya. Ya kira kifi, wai na ɗanɗano. Ya kira lemo mai sanyi, ya kira ƙanin lemon. Can sai abokansa su faɗo, wai wucewa suka zo yi, alhali bene ne, ban san inda ake wucewa a je ta sama ba. Ni ce mai biya. In an gama ya lashe yatsu, ya yi gyatsa, ya ce, “Malama, aikin nan akwai nauyi, sai mun sake zama.”

Babi na uku na yi masa dabarar da nake yi wa malamaina masu rantsuwar sun duba littattafan yara: na manne shafi biyu a tsakiya da ɗan gam. Ya dawo min da shi da tabon miya a shafin farko, shafukan nan kuwa suna rungume da juna yadda na bar su. Na karanta tarihin azzalumai iri-iri, Yaya, masu cin amana da masu cin dukiyar marayu, amma ban taɓa cin karo da wanda ya cinye babi huɗu haɗe da ƙashin kaza ba.

Na kai kuka wurin shugaban sashe. Ina shiga na gane shi, yana cikin masu wucewa ta saman bene. Ya ce mahaƙurci mawadaci. Ni ce da furfurata zai koya wa haƙuri! Kuma ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata yarinya a ƙarƙashin Farfesan da ta sayar da zoben da uwarta ta bar mata don a duba mata babi ɗaya.

Ki yi min addu'a, amma ba ta haƙuri ba. Wanda nake da shi ya yi yawa har ya fara tsami.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Barkono


Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin maigidan ya sauka. Na ga saƙonki da kike cewa in bar wa Allah. Na bar masa, shi kuma ya buɗe min hanya ta asibiti.

Jinina ya hau, ba abin mamaki ba ne, na je ganin likita. Ina zaune a benci wata mata ta zauna kusa da ni, kamila, sa'ata, idanunta duk sun faɗa. Hirar layi ta ja mu. Ta ce maganin mijinta ta zo karɓa, ciwon suga gare shi. Likita ya hana shi maiƙo da zaƙi. Kullum tana dafa masa ganye da kifi ba mai, ta auna masa shinkafa da ƙaramin kofi. Ya yi cokali biyu ya ture, ya ce ciwon ya kashe masa marmarin abinci. Da rana kuwa, wai aikin ɗalibai ba ya barinsa ya sa komai a baki. Amma suga sai hawa yake. 'Yan uwansa mata sun taru a kanta, sun ce sakacinta ne, babbarsu har ta ce ko gado take gaggawar ci. Tana faɗa tana goge ido da bakin mayafi. Na tambaye ta inda yake aiki. Ta faɗi sashenmu. Ta faɗi sunansa.

Yaya, wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Da a lokacin likita ya auna jinina, da ya sallame ni ba magani.

Ban faɗa mata komai ba, gani ya kori ji. Na ce mata ni ɗalibarsa ce, ina so in girmama ta da abincin rana a gidan saman bene ranar Laraba, ta huta da murhu. Shi kuma na sanar da shi babi na ƙarshe ya kammala.

Ya zo da wuri, ya ci sa'a abokan ba su zo ba. Na sake masa fuska, na ce yau a ci a more. Kaza, kifi, dankali soyayye, har na ce a ƙaro masa kek mai zuma. Yatsunsa na cikin cinyar kaza sai ga ta ta hawo matakala.

Ban taɓa sanin mai tumbi yana da zafin nama haka ba. Kafin ƙiftawar ido farantinsa ya dawo gabana, kofin ruwana ya koma gabansa. Ya sunkuyo yana raɗa: “Malama, rufa min asiri, ce naki ne. Kawo takardar in sa hannu yanzu-yanzu.”

Takardar tana cikin jakata. Wallahi har na taɓa ta. Shekara biyar ga su nan, jan biro ɗaya ya rage. Amma sa hannun wanda bai karanta ko layi ɗaya ba ne, ni kuwa ban bar ɗalibaina da ɗakina na zo nan don a yi min sadakar digiri ba. Ga baiwar Allah kuma za ta koma gida ta ci gaba da dafa ganye ana zaginta.

Na tura masa farantinsa, na gyara masa cokali, na miƙe na tarbe ta. Na ce, “Sannu da zuwa, Hajiya. Ga Farfesa nan yana duba min babi na biyar.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi ƙasusuwan, ta dubi kwalaben lemon, ta dubi maiƙon da ke gemunsa. Mai gidan abincin ya taho da fara'arsa, ya ce ashe ita ce matar babban baƙonsu, ai kullum yana nan, sun ma san ɓangaren kazar da yake so. Ta yi masa godiya. Ta juya ta ce wa mijin, “Ƙarasa mana, Alhaji, kada a yi asara.” Ko loma bai iya ƙarawa ba. Ta ɗauki makullin mota daga kan tebur ta yi gaba, ya bi ta kamar rago za a kai kasuwa. A bakin matakala ya waiwayo ya ce min, “Ke da digiri sai dai ki gani a hannun wasu.”

Don haka ki share min ɗakin baƙi, mai yiwuwa in dawo da akwatina kawai. Na san abin da za ki ce. Amma na zauna na cinye kek ɗin nan ni kaɗai, kuma tun da na zo garin nan ban ci abu mai daɗinsa ba.

Ki shafa min kan jikoki.

Taki har kullum,
Barkono


Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ki bar ɗakin baƙin, ki sa a ɗinko miki sabon kaya.

Bayan abin da ya faru, Hajiya ta zo har ɗakina. Na zaci faɗa ta kawo, ashe hira ce. Matar nan mai sanyin murya, Allah ya kiyaye ki da fushinta. Ta kwashi 'yan uwan mijin a mota ta kai su saman bene, mai gidan abincin ya maimaita musu da bakinsa, babbar tasu ta rasa inda za ta sa fuskarta. Daga nan ta bi gidajen abincin garin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ya sake zuba masa ko romo ne, ranar da ya faɗi a ƙofarsa za ta shimfiɗe shi, kwastomomi su tsallaka. Har na ƙarƙashin bishiya sai da ta je. Yanzu ita ke kai shi aiki, ita ke ɗauko shi da rana.

Ta tambaye ni me ke tsakanina da shi, na zayyana mata. Ta ce, “Kawo littafin.” Ashe ita ma makarantar kwana ta yi. Sai ta karanta babi da safe, da rana in ya gama cin ganyensa ta share tebur ta ajiye masa, in ya ce ya gama ta yi masa tambayoyi.

Ya karanta kuwa, da yunwa da ƙiyayya, yana neman inda zai kayar da ni. Jan biro ko'ina. Ya kama ni a shekarun buɗe wasu makarantu, ya kama ni a wuri biyu da hujjata ta yi rauni, kuma gaskiyarsa ce. Ashe mutumin yana da kai, maiƙo ne ya toshe shi. Wannan ya fi komai ƙona min rai: duk shekarun nan yana iyawa. Na gyara na mayar. Ya ce har yanzu bai gamsu ba. Hajiya ta ja kujera ta ce ya nuna mata shafin, ba ta gaggawa. Bai samu ba.

Jiya ya sa hannu. Ya danna biron har ya kusa huda takardar. Wata mai zuwa zan kare aikin a gaban malamai, kuma ina so ki zo ki zauna a gaba. Sauran ɗalibansa ma yanzu a ofis ake duba su, zafin ya daina damunsa.

Na san za ki ce tunda na samu abin da nake so, in yafe. Zan yafe, amma ba bana ba. Na kama teburin jikin taga a gidan matar nan mai gilashi, wanda ke kallon titi. Ta nan motarsu ke bi kullum da rana, Hajiya na tuƙi, shi yana gefe da kwanon ganye a cinya. Akwai tudun rage gudu daidai wurin, dole ta taka birki. Ita ta ɗaga min hannu, ni kuma in ɗaga masa cinyar kaza.

Sai kin zo, na sa an ƙara kujera.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Barkono