Rubutun Goshin Motar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu ma lafiya, sai dai jikin Baba. Mantuwar ta ƙaru. Jiya ina miƙa masa magani ya ce mini, "Baiwar Allah, ina masu gidan?" Likita ya ce a riƙa ajiye masa abin da ya sani tun da, ko zai sami abu ɗaya ya gane.

Shi ne na tuna da kai. Shekara goma kana ƙera wa mutane ƙananan motoci na ado waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Ka ƙera wa Baba tasa: babbar motar kaya, kai shuɗi, bodin katako, a goshinta an rubuta A SAUKA LAFIYA da farin fenti. Kana goye aka sayar da ita, hoto kuma babu, amma ni ina ganinta har yau.

Na san ba ka sake zuwa ba tun ranar da ya tambaye ka ko kai ɗan wane ne. Ban ce ka zo ba. Motar kawai nake so.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga mota nan a kwali na ba direba. Kada ki kai ta makaranta ki nuna wa ɗalibanki, na san halinki.

Rubutun ne ya fi cin lokaci. Harafin bai kai ƙwayar shinkafa ba, buroshi ba ya iyawa. Akwai wata takarda shara-shara mai haruffa manne a bayanta. Sai ka ɗora harafi inda kake so, ka goga da bakin biron da tawadarsa ta ƙare, ka ɗaga takardar a hankali, harafin ya zauna a jikin fenti. Sau ɗaya ake yi. In ya zauna, ba ya matsawa. Mu a sana'a daga tsakiyar rubutu muke farawa, mu yi dama mu yi hagu, don ya zauna daram. Ki sa rula ki auna, ba za ki sami karkata ko ta silin gashi ba.

A gaida Baba.
Auta

Ƙanena,

Gaisuwa da godiya. Mota ta iso, aiki ya yi kyau, amma bai gane ta ba.

Na ɗora masa a cinya. Ya juya ta, ya leƙa ciki, ya ce, "Tubarkalla. Ta wane kamfani ce?" Na ce, "Taka ce, Baba." Ya kalli goshin ya yi dariya. "Haba baiwar Allah, wannan rubutun ai na gwani ne." Ya miƙo mini ita ya ce in mayar wa mai ita.

Laifina ne, ban gaya maka duka ba. Baba da kansa ya rubuta, yana tsaye a kan duro, ni ina riƙe da gwangwanin fenti. Daga hagu ya fara, ya baje haruffan kamar filin ba zai ƙare ba. Da ya zo LAFIYA wuri ya ƙure, sai suka matsu, A ta ƙarshe ta zame ƙasa ta jingina da madubi. Marigayiya Inna ta daɗe tana masa tsiya: "Maigida, rubutun naka ya riga fasinja sauka."

Na maido maka da ita. Ka ɓata rubutun yadda ya ɓata.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ki san abin da kika nema ba. Harafin A guda goma ne a takardar, na ci biyar a karon farko, saura biyar cif. An daina kawo irinta, wadda ke hannuna kuma ta tsufa, haruffan suna tsagewa. Kuskure ɗaya, shi ke nan.

Na ɗebe tsohon rubutu da salatif, na gyara shuɗin. Na ajiye rula a aljihun tebur na kulle, don sau biyu ina kama hannuna yana lalubarta. Na fara daga hagu ina ta barin fili. Maigidana ya leƙo ya ce, "Kai, a wajen wa ka koyi wannan ɓarnar? Kar ka ce a shagona aka yi." A ta ƙarshe ƙafarta ta tsage wajen gogawa. Haka na bar ta, ba wata.

Ga ta nan. Ko me ya ce, ki rubuto mini yadda ya faɗa, kar ki gyara.

Auta

Auta,

Gaisuwa. Ga yadda ya faɗa.

Ya daɗe yana kallon goshin. Sai ya ɗago a fusace ya ce, "Wa ya sake wa motata fenti ban sani ba?" Na ce, "Auta ne." Ya ce, "A kira shi ya zo ya same ni."

Na ce masa kana hanya. Kar ka mai da ni maƙaryaciya.

Yayarka